Wace Data? Sharhi kan Aikin Mai Nazarin Bayanai a Birnin Zariya

A 'yan shekarun nan matasan Zariya sun samu sabuwar amsa idan aka tambaye su abin da suke yi bayan hidimar ƙasa: "Ina koyon data analisis." Iyaye da yawa a Kwarbai da Kaura da Unguwar Juma sun ji wannan magana, kowa kuma ya fahimce ta yadda ta zo masa. Wani ya ɗauka yaron ya shiga sayar da datar waya. Wani ya ce ai irin aikin shagon kwamfuta ne, buga takardu da hoto. Akwai wanda ya ga ɗansa yana raba dare a gaban laftof, sai gabansa ya faɗi, yana tsoron kada a ce ya bi sahun 'yan damfarar intanet. A gefe guda kuma ga tallace-tallace a Facebook da WhatsApp masu alkawarin cewa da kwas ɗin wata uku mutum zai fara karɓar albashi da dala. Tsakanin tsoron iyaye da zaƙin bakin masu talla, ainihin sana'ar ta ɓace, shi ya sa ya dace a warware ta dalla-dalla.

Ma'anar kalmomin

Kalmar data ta shigo bakin Bahaushe ta ƙofar waya, shi ya sa da an ambace ta sai tunani ya tafi ga abin da ake saya a hau intanet. A asalinta kuwa tana nufin bayanan da aka rubuta aka adana: sunaye, adadi, ranaku, farashi, awo. Littafin bashi na mai shago data ne. Rajistar awon ciki a asibiti data ce. Haka takardar sakamakon jarrabawar ɗalibai, da jerin buhunan da aka sauke a sito.

Analisis kuma nazari ne, wato a tsefe abu a ga abin da ke cikinsa. Saboda haka wanda ake kira data analis shi ne mai nazarin bayanai: mutumin da ake ba tarin rubutattun bayanai tare da wata tambaya, ya tace su, ya lissafa, ya dawo da amsar da mai yanke shawara zai iya aiki da ita. Tambayar na iya zama, me ya sa mata ke zuwa awon farko amma ba sa dawowa na huɗu? Ko, wane kaya ne ke daɗewa a shago yana riƙe jari?

Akwai sana'o'i makusanta da ake yawan cakuɗa su da wannan. Mai tattara bayanai shi ne ke bi gida-gida da takarda ko waya yana tambaya. Mai shigar da bayanai shi ne ke kwafe su daga takarda zuwa kwamfuta. Wanda ake ce wa data sayantis yana gina lissafin da zai yi hasashen abin da bai faru ba tukuna, injiniyan bayanai kuma shi ke gina rumbun da ake zuba su. Mai nazari yana tsakiya, yana karɓa daga hannun na farko yana miƙa wa shugabanni.

Kayan aikinsa kuwa ba su da yawa. Excel shi ne falle mai layuka da gidaje da ake jera lambobi. SQL harshe ne na yi wa rumbun bayanai tambaya. Power BI da Tableau na zana sakamako ne a kan abin da suke kira dashbod, wato allon taƙaitawa da shugaba zai kalla sau ɗaya ya gane inda aka kwana. Python da R harsunan kwamfuta ne na lissafi mai nauyi, manhajar lissafi ta SPSS kuma ɗaliban jami'a sun fi kowa saninta.

Sana'ar ta girmi kwamfuta

Wanda ya san tarihin Zazzau ba zai ga baƙon abu a nan ba. A zamanin En'e, malaman haraji na zama da hakimai da dagatai da masu unguwa suna rubuta adadin baligai da na shanu, ana kai lissafin baitulmali. Wannan ƙidaya ta bar tabo, domin an saba cewa duk wanda aka rubuta sunansa kuɗi za a nema a wurinsa. Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna a 1979, amma ɗari-ɗarin da talaka ke yi da mai riƙe da littafi da biro bai gushe ba.

Akwai kuma ɗaya fuskar tarihin, wadda ta fi daɗin ji. M. G. Smith ya yi bincike a ƙasar Zazzau a 1949 zuwa 1950 kan abin da gidaje ke samu da abin da suke kashewa, littafinsa kan tattalin arzikin al'ummomin Hausawan Zariya ya fito a 1955. Bayan an kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, David Norman da abokan aikinsa a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru suka zaɓi ƙauyuka uku, Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, suka bi magidanta a kai a kai a 1966 zuwa 1967, ana rubuta aikin da aka yi a gona da abin da aka girbe. A lokacin, shawarar da malaman gona ke kai wa manomi ita ce ya riƙa shuka iri ɗaya a gona ɗaya, ana ganin haɗa gero da dawa da wake rashin wayewa ne. Da aka zauna aka yi lissafi, sai ya bayyana manomin na da hujja: haɗa shuka na ba shi ƙarin amfani daga filin da yake da shi, yana kuma rage masa hatsarin tashi a tutar babu idan damina ta gaza. Babu Power BI a wancan zamani. Abin da ya sa binciken ya yi daraja shi ne haƙurin tattarawa da gaskiyar lissafi, kuma har yau waɗannan biyun ne gishirin aikin.

Yadda ranar aiki take

Masu talla sukan nuna hoton matashi a gaban allo mai launuka. Wannan allon shi ne ƙarshen aiki, kuma shi ne mafi sauƙi. Mafi yawan lokacin mai nazari yana tafiya ne wajen abin da suke kira wanke bayanai, wato tsince tsakuwa daga cikin shinkafa kafin a ɗora tukunya.

A ɗauki ƙaramin asibitin unguwa a cikin birni. Ma'aikaciya na cika rajistar awon ciki da ta rigakafi da ta marasa lafiya da hannu, ga layin mata na jira, ga yara na kuka. Ƙarshen wata sai a haɗa jimla a fom, a kai wa jami'in ƙaramar hukuma mai kula da alƙaluma, shi kuma ya shigar a manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Nowe ta ƙirƙira, Najeriya kuma take tara rahoton lafiya da ita. Mai nazari yana buɗe wannan rahoto ne da ido irin na mai saye a kasuwa. Me ya sa asibiti kaza ya ba da adadi iri ɗaya wata uku a jere? Yaya aka yi yaran da suka karɓi allura ta uku suka fi waɗanda suka karɓi ta farko yawa? Wannan sifilin, babu wanda ya zo ne, ko ba a cika fom ba? Kwamfuta ba ta da amsar ko ɗaya. Sai ya ɗauki waya ya kira, wani lokaci ma sai ya hau babur ya je ya buɗe rajistar da kansa.

Daga nan sai matsalolin da ɗan gari kaɗai ke ganewa da wuri. Mutum ɗaya ya bayyana sau huɗu: Muhammad, Mohammed, Muh'd, Mamman. Wadda aka rubuta Hauwa'u a watan jiya ta dawo da Kulu, Khadija ta zama Dije. Idan aka jera shekarun mutane sai a ga sun taru a 30 da 35 da 40, saboda da yawa kintata suke yi, wasu kuma da azumi ko Babbar Sallah suke tuna haihuwa. Uwa na iya tsallake ɗan fari idan ana ƙirga 'ya'yanta saboda alkunya, wasu kuma ba sa son a ƙirga musu zuri'a ko kaɗan. Kalmar gida ma kanta tarko ce. A cikin ganuwa, zaure ɗaya kan shige da mutum zuwa sassa biyar ko goma, kowane da magidancinsa, shi ya sa masu bincike suka daɗe suna auna iyali da masu cin tukunya ɗaya. Kuma gidan da ba a shiga, idan aka tura namiji, a zaure zai tsaya ya rubuta abin da maigida ya faɗa masa game da lafiyar matan da bai gani ba.

A kasuwa kuma awo ne ke rikita lissafi. Farashin masara da aka rubuto da tiya, wani da mudu, wani da buhu, ba sa haɗuwa a layi ɗaya sai an san nauyin kowanne, kuma tiyar wannan kasuwa ba lallai ta yi daidai da ta waccan ba. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, in ji Hausawa. Mai nazari yana buƙatar mudun da idon gaba ɗaya.

Bayan an wanke sai lissafi, nan ma akwai ramuka. A ce masu ɗinkin hannu goma ne a wani layi, tara na samun naira 50,000 a wata, na goman da ke kai manyan riguna Kano da Abuja yana samun 1,050,000. Idan aka haɗa aka raba goma, za a ce kowa na samun 150,000, alhali tara daga cikinsu ko rabin haka ba sa gani. Mai nazarin kirki zai kawo abin da na tsakiyar layi ke samu, ya kuma faɗi dalili. Sai mataki na ƙarshe, wanda ke kayar da masu ƙwaƙwalwa da yawa: ya tsaya gaban shugaban da ke da minti biyar, ya faɗi abin da ya gano da harshen da za a fahimta, ya kuma faɗi iyakar abin da alƙaluman za su iya ɗauka.

Ramin da ke ƙarƙashin kowane lissafi

Duk wani kaso cikin ɗari yana buƙatar a san yawan mutanen da ake magana a kansu, a nan ne kuma Najeriya ke ɗingishi. Ƙidayar 1973 an soke ta. Ta ƙarshe da aka yi ita ce ta 2006, wadda ta ba ƙasar mutum miliyan 140, ta ba Ƙaramar Hukumar Zariya dubu 400 da 'yan kai. Wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Tun daga 2006 ana ɗora ƙiyasi ne a kan wancan adadi shekara bayan shekara, alhali duk mai wucewa ta Ƙofar Gayan ko Ƙofar Kona ya ga yadda gine-gine suka tsallake ganuwa suka cinye gonaki. Shi ya sa rahoton rigakafi kan nuna wata gunduma ta wuce kashi ɗari bisa ɗari, wata kuma ta yi ƙasa ƙwarai, ba don ma'aikatan can sun fi na nan ƙoƙari ba, sai don adadin da aka raba da shi ya tsufa.

Ma'auni ma kan sauya. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana rashin aikin yi na ƙarshen 2020 a kan kashi 33.3. A 2023 ta fitar da kashi 4.1. Ba masana'antu aka buɗe ba. A da, wanda bai yi aikin awa 20 a mako ba ana lissafa shi cikin marasa aiki, sabon tsarin kuwa ya bi na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, inda aikin awa ɗaya a mako ya isa a ce mutum na da abin yi. Haka hauhawar farashi ta sauko daga kashi 34.80 a Disambar 2024 zuwa 24.48 a Janairun 2025, bayan an sauya shekarar da ake gwadawa da ita da kwandon kayan da ake aunawa. Wanda ya jera waɗannan lambobi a zane ɗaya ba tare da bayanin sauyin ba ya ɓatar da mai karatu, ko da kowace lamba daidai ce.

Ina aikin yake, ta ina ake shiga?

Zariya ba ta rasa wuraren da ke tara bayanai ba. Ga asibitin koyarwa a Shika, ga asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, ga cibiyar binciken gona da hukumar NAERLS a Samaru, wadda kowace damina take fitar da rahoton yadda noma ya kasance a faɗin ƙasa. Ga cibiyar binciken dabbobi ta Shika, da cibiyar fasahar sufuri, da kamfanonin iri, da bankuna. A Kaduna akwai Hukumar Ƙididdiga ta Jiha. Sai dai a yawancin waɗannan wurare ba za a ga kujera mai suna data analis ba. Sunan kan zama jami'in sa ido da tantancewa, ko jami'in adana bayanan marasa lafiya, ko mataimakin mai bincike. Kujerun da ke ɗauke da sunan ƙarara sun fi yawa a Legas da Abuja, a bankuna da kamfanonin sadarwa.

Hanyar da aka fi bi ita ce a fara daga ƙasa: tattara bayanai da waya ta manhajar ODK ko KoboToolbox, sai shigarwa, sai a fara ba mutum haɗa rahoton wata, daga nan ya zama mai nazari, in ya daɗe ya jagoranci wasu. Jami'ar Ahmadu Bello na da sashen ƙididdiga da na kimiyyar kwamfuta, shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 kuma ya sa nazarin bayanai cikin darussansa. Amma digirin lissafi ba sharaɗi ba ne. Ma'aikaciyar jinya ko malamin gona ko akanta da ya ƙware a Excel yakan fi wanda ya haddace Python amfani, domin ya san abin da lambar ke nufi a fili.

Maganar dala kuwa, akwai masu aiki daga gida wa kamfanonin waje, amma ba su ne masu rinjaye ba, kuma suna gogayya ne da 'yan Indiya da Kenya da Masar. Sai da ƙwarewar shekaru, da Turanci mai kyau, da wutar da ba ta yankewa, wadda a cikin birni ma'anarta kuɗin sola. Ayyukan ƙungiyoyin agaji ma, da suka ɗauki matasan Arewa da dama, sun girgiza tun da Amurka ta dakatar da tallafin USAID a farkon 2025.

Inda ra'ayi ya rabu

Masu goyon baya na cewa wannan sana'a ce da ba ta buƙatar jari sai laftof da naci, kuma ta dace da matan aure da ke son aiki daga ɗaki. Suna da gaskiya, musamman a batun mata, ganin cewa da yawa daga bayanan gidajen birni ba sa fitowa sai ta hannunsu.

Masu shakka na cewa yayi ne kawai, masu sayar da kwas su ne ke cin riba, takardun shaida sun fi guraben aiki yawa. Su ma ba su yi ƙarya ba. Wata uku na isa a koyi danna manhaja, amma bai isa a koyi gane lambar da ke ƙarya ba.

Wasu na ganin ƙirƙirarriyar basira, irin ChatGPT da ta fito a ƙarshen 2022, za ta cinye aikin. Lallai tana rubuta umarnin SQL da zana jadawali cikin daƙiƙa, kuma wanda iyakar abin da ya iya ke nan yana cikin hatsari. Sai dai ba ta san Kulu ita ce Hauwa'u ba in ba a faɗa mata ba, ba kuma za ta je ta buɗe rajista ba.

Akwai kuma dattawan da ke tambaya: ina ake kai sunayenmu? Wannan tambaya ta cancanci amsa da mutunci. Mutanen da suka ji labarin gwajin maganin Trovan a Kano a 1996, suka ga rikicin allurar shan inna na 2003, suna da dalilin yin taka-tsantsan. Dokar Kare Bayanan Jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta wajabta a yi amfani da bayanan mutum bisa hujjar da doka ta yarda da ita, a kuma tsare su. A birnin da kowa ya san gidan kowa, cire suna kaɗai ba ya ɓoye mutum. Idan aka rubuta unguwa da shekaru da sana'a da cutar da ke damunsa, maƙwabta sun riga sun gane ko wane ne.

Dafa lambobi

Babban abin da ke barazana ga sana'ar daga cikin gida yake. A duk garin da ke da manyan makarantu an san kasuwar babi na huɗu, inda ɗalibi ke biyan wani ya yi masa lissafin kundin kammala karatu, wani lokaci ma a cika takardun tambaya ɗari a ɗaki ɗaya ba tare da an tambayi kowa ba. Matashin da ya fara cin abinci ta wannan hanya, ranar da shugaba ya ce masa a gyara adadin nan ya kai abin da masu ba da tallafi ke so, ba zai ji nauyin yi ba. Illar kuwa a kan mutane take sauka: a aika magani inda ba a buƙata, a hana unguwar da yaranta ba su samu allura ba saboda takarda ta ce sun samu. Tauye mudu ne, kuma malaman Zazzau sun daɗe suna karantar da hukuncinsa a zaurukansu.

Ga iyayen da ɗansu ko 'yarsu ta ce wannan hanya za ta bi, sana'a ce ta halal mai buƙatar haƙuri, ku tallafa, amma ku nemi a nuna muku aikin da aka yi kafin takardar shaida. Ga matasa kuma, kada ku tsaya ga bayanan gwaji na ƙasashen waje da ake saukewa daga intanet. Ku nemi izinin mai kemis ko shugaban Islamiyyar unguwarku ko wani dillalin riguna, ku karɓi littafinsa na shekara guda, ku rufe sunayen mutane, ku wanke lambobin, sannan ku koma ku faɗa masa da Hausa abin da littafin ya nuna.